Ɗana Ya Yi Wa Ƙwallon Mutum Shida Girma

Anti Marlys, ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada ki ce in bi zuciyata, don ita ce ta kawo ni inda nake.

Ina cikin mutum biyar na kwamitin makarantar sakandaren garinmu, a yammacin Nebraska inda shanu suka fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Ban nemi kujerar don son mulki ba. Bas ɗin makaranta ce ba ta zuwa hanyarmu idan an zuba dusar ƙanƙara, na je na yi ƙorafi sau biyu, sai aka ce tunda ina da baki in tsaya takara. Na ci, kuma har yau bas ɗin ba ta zuwa.

A zamanmu na wata mai kamawa za mu kaɗa ƙuri'a a kan ƙwallo, namu na Amurka na hular kwano da ture-ture: ko mu rage yawan 'yan wasa ko mu bar shi yadda yake. Tun zamanin kakanninmu mutum goma sha ɗaya muke sa wa a fili. Bana yara goma sha huɗu muka fara da su, baɗi kuma idan an ƙirga har da wanda bai so, goma sha biyu ne. Makarantun da ke kusa da mu duk sun koma wasan mutum shida, na takwas kuwa babu masu yin sa a yankinmu. Mu kaɗai muka rage muna kwasar yara a bas, tafiya mai nisa, mu kai su su kara da makarantun da bencinsu kaɗai ya fi ajinmu na ƙarshe cika. Abin da aka yanke kuma shekara biyu zai yi ba a taɓa shi ba.

Ga inda matsalata take. Ɗana Colter shekararsa goma sha bakwai, baɗi ne ajinsa na ƙarshe, kuma ƙato ne. Ba kuri nake ba, takalminsa sai an aiko daga birni. Ranar da ake yi wa maruƙa lamba shi kaɗai yake kayar da wanda maza biyu ke fama da shi. Yana da i'ina tun yana ƙarami, yara suka sa masa Bijimi, ya daina magana a aji gaba ɗaya. Sai da Koci Brandvold ya sa shi a layin gaba, cikin ƙattin da ke tare abokan hamayya don mai ƙwallo ya samu hanya, sannan yaron nan ya san yana da amfani. Sunan bai canza ba, amma yanzu idan aka ce Bijimi a gidan mai, tsofaffi ne ke faɗa suna dafa masa kafaɗa. Wani koci daga wata ƙaramar kwaleji mai neman 'yan wasan da za ta ɗauka ya zo ya kalle shi bana, ya ce zai dawo baɗi ya sake gani.

A wasan mutum shida babu wannan layin. Gudu ne kawai, kowa a guje, kowa na iya cafe ƙwallo. Na je na kalli wasa ɗaya a garin maƙwabta don in gani da idona, na tarar da wani yaro mai girman Colter zaune a benci, hularsa a cinya, yana miƙa wa 'yan uwansa ruwa. Na tambayi Koci Brandvold gaskiyar magana. Ya sosa ƙeya ya ce, “Maman Colter, ba zan yi miki ƙarya ba, zan nema masa wuri, amma nema ne.” Babu kwalejin da za ta zo kallon ƙato a wasan da ba a buƙatar ƙato.

To sai ɗaya ɓangaren. Akwai wani yaro Isidro, ɗan Rosalba mai yi wa makaranta girki, shekararsa goma sha huɗu, siriri kamar sandar shinge. A wasa na biyar yaranmu biyu suka ji ciwo, babu wanda za a saka sai shi. Colter ya yi wasan tun daga farko bai fita ko sau ɗaya ba, don ba mai canjinsa, ƙafafunsa sun mutu, wani ƙato ya wuce ta gefensa ya haye Isidro. Ƙashin kafaɗar yaron ya karye. Colter ne ya ɗauko shi zuwa gefen fili, ya dawo gida ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Rosalba kuwa ta ci gaba da girkinta a makaranta. Har yanzu ranar miyar wake da burodin kirfa takan ƙara wa Colter cokali guda kamar yadda ta saba, ni kuma idan na hango ta a coci sai in canza layi.

A kwamiti mutum biyu suna son shida, Jolene ma'aikaciyar jinya da wani matashi mai gyaran injin ban ruwa. Biyu ba sa so, wato dattijo Verl Stoltz da surukinsa, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba sai ya ga na Verl a sama. Verl ya buga ƙwallo a filin nan tun ana sa hular fata, in ji shi, kuma yana kiran wasan mutum shida guje-gujen kaji. A taron da ya wuce ya ce, “Yau ku rage yaran, gobe ku rage filin, jibi ku rufe makarantar ku ba ni makullin in zuba ciyawa.” Aka yi dariya, amma ba dukan maganar ce wasa ba, kowa ya san garuruwan da aka fara da haka.

Verl ɗin ne ya tare ni a shagon abincin dabbobi, ina loda buhuna a a-kori-kura. Ya ce, “'Yar nan, me ya sa za ki wahalar da kanki? Ai ɗanki na cikin ƙungiyar. Ki tashi ki ce kina da hannu a maganar, saboda haka ba za ki yi ƙuri'a ba. Wa zai zarge ki? Sai ma a ce kin yi dattako.” Na dawo gida na duba ƙa'idarmu. Idan aka yi kunnen doki, biyu da biyu, shawarar canji ta faɗi, an ci gaba da goma sha ɗaya. Wato in na naɗe hannuna na zauna, Colter ya samu shekararsa, ni kuma ban zaɓi komai ba.

Na tambayi maigidana Duane, ya ce in yi abin da ya dace, ya ɗauki hularsa ya tafi duba rijiyar shanu. Shekara ashirin da biyu ke nan duk wata magana mai nauyi a gidanmu a bakin rijiyar nan take ƙarewa. Colter kuwa sai ɗaga ƙarfe yake a rumbu kowace yamma, ina jin ƙarar daga kicin.

Anti, janyewar nan halal ce a doka, na tabbatar. Kuma gaskiya ce ina da ɗa a ciki. Me ya sa to duk lokacin da na gwada faɗin maganar a gaban madubi sai in ji kunya ta kama ni? Ki gaya mini ko laifi ne uwa ta yi shiru sau ɗaya saboda ɗanta.

Uwar Ƙato, daga yammacin Nebraska

*

Uwar Ƙato, sannu da wannan nauyi. Na karanta wasiƙarki a hankali, kuma zan fara da abin da kika tambaya.

Janyewa tana da wurinta. Da a ce kwangilar gyaran rufin makaranta za a ba ƙaninki, da ni ce zan fara cewa ki fita daga ɗakin. Amma mai janyewa na gaskiya ba ya zuwa gida ya duba wa za ta amfana kafin ya janye. Ke kin duba, kin ga shirunki zai ba ɓangare ɗaya nasara, kuma ɓangaren ɗanki ne. Wannan ƙuri'a ce, sai dai ba ta da sunanki a jiki. Verl ya sani, shi ya sa ya kawo miki ita har gindin mota. Jolene ma za ta lissafa, Rosalba ma haka. A gari irin naku babu wanda bai iya biyu da biyu ba, kuma kunyar da kike ji a gaban madubi ita ce za ki ji a layin coci shekara da shekaru. Ban da haka, a makarantar da yaranta ba su kai cikin bas ɗaya ba, idan duk mai ɗa ko jika a wani abu zai janye, ba za a sake yanke komai ba. Ki tashi ki faɗa da bakinki cewa ɗanki na cikin ƙungiyar, a rubuta, sannan ki ɗaga hannu.

Wane ɓangare? Ba zan raina na Verl ba. Tsoronsa na gaske ne, ya ga makarantu sun mutu, kuma yammacin Juma'a a bakin fili shi ne kusan wuri ɗaya da ya rage inda garinku ke haɗuwa. Ɗanki ma ba ƙaramin abu zai rasa ba. Yaron da ya samu wurin da girmansa ya zama alheri, ba a cewa ya haƙura kawai. Amma ki dubi yadda baɗi za ta kasance da yara goma sha biyu. Ɗaya ya yi mura, ɗaya ya gurɗe, shi ke nan an sallama wasa. Shekarar da kike son saya wa Colter da shirunki tana iya ƙarewa a mako na uku, kocin kwalejin ya zo ya tarar da fili babu kowa. Idan kuma ba ta ƙare ba, to wani ɗan shekara goma sha huɗu ne ya shiga ya cike gurbi, ɗanki kuma, a gajiye, shi ne zai sake tsayawa tsakaninsa da ƙattin wani gari. Kin ga abin da hakan ya yi masa sau ɗaya. Da ni ce a kujerarki, shida zan zaɓa. Garuruwan da suka koma shida suna da wasan zuwa kallo ran Juma'a, wanda ya sallama wasanninsa kuwa ba shi da shi.

Kafin ranar taron akwai aiki. Ki sa Koci Brandvold ya haɗa bidiyon wasannin Colter na bana ya aika wa kocin kwalejin, ya tambaye shi kai tsaye abin da yake buƙatar gani. Ki nemi sansanonin horo na lokacin zafi inda ake gwada 'yan layin gaba. Idan makarantarku na da kokawa ko jifan dalma, ya shiga, masu neman ƙatti suna leƙa can ma. Sannan ki kira hukumar wasannin makarantu ki tambayi ƙa'idar sauya makaranta da ranar da ake rufe neman sauyin, kada ki dogara da abin da aka ce a gidan mai.

Na kawo wannan na ƙarshe ne da gangan. Cikin manyan makarantun da kuke zuwa karawa da su, da wuya a rasa wadda za ta karɓi yaro kamar naki hannu bibbiyu a shekararsa ta ƙarshe, in an samu dangi ko mutanen kirki da zai zauna wurinsu. A yanzu ba zai iya tafiya ba, don in ya tafi ƙungiya ta rushe, kuma yaro irinsa ba zai yi wa abokansa haka ba. Idan aka koma shida, garinku zai iya wasa ba shi, shi kuma ya samu damar zaɓa. Ki zaunar da shi kafin taron, da Duane a wurin, shanu ba za su mutu da ƙishi a awa guda ba. Ki gaya masa abin da za ki yi da dalilinki, kada ya ji a bakin wani. Kada ki ce masa ba abin da zai rasa, don zai rasa, kuma ya sani. Ki ba shi lokaci ya gama maganarsa ko da za ta ɗauki yamma guda, kada ki ƙarasa masa ita.

Yana iya cewa zai zauna ya gwada sabon wasan. Yana iya cewa zai tafi. Idan ya zaɓi tafiya, ƙuri'ar nan ta cinye miki shekarar ƙarshe da za ki yi da ɗanki a gida, ki riƙa tuƙi mai nisa kowace Juma'a don ki gan shi cikin rigar wani gari. Abu ne mai tsada, ban musa ba. Amma wannan karon ke za ki biya, ba ɗan Rosalba ba.

Allah ya ba ki ƙarfin hali ranar, ya buɗa wa Colter hanya, ya kuma ba Isidro lafiya.

Anti Marlys