Buhu Arba'in a Bakin Magudana

Zuwa ga Kawuna mai daraja, tsohon mai kula da madatsar ruwa,

Bayan gaisuwar girmamawa, da addu'ar Allah Ya sa a dace da aikin idon da aka yi maka, ina mai alfaharin sanar da kai cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta, ban nemi taimakon kowa ba. Wata bakwai na yi a ajin manya, kuma malaminmu ya shaida a bainar jama'a cewa bai taɓa ganin mai miƙe layi kamata ba.

Game da madatsar da ka bar mini amana, ka san duk shekara ruwanta kan ƙafe kafin damina, mata su yi ta yawo da jarkoki. Na zauna na yi nazari, na gano cewa magudanar nan ta gefe, wadda rarar ruwa ke bi ta tsere, ita ke jawo mana asara. Saboda haka na tara majiya ƙarfi muka jera buhu arba'in na yashi a bakinta. Yanzu ruwa ya haura inda ya taɓa kaiwa a zamaninka da kamu guda. Na tsaya gaban mai unguwa na ɗauki alkawari cewa bana babu mai yawon neman ruwa.

Haka kuma na dakatar da ɗabi'arka ta ɗibar ruwan da ke tsattsafowa a gindin madatsa cikin kwalba, ka ɗaga wa rana kana kallo. Na maye gurbinta da littafi. Jiya na rubuta: "Tsattsafi ya ƙaru, launinsa ja, babu damuwa."

Inna tana gaishe ka. Tana ƙorafin damshi a bangon ɗakinta, na fahimtar da ita cewa dole ne gidan da ke ƙarƙashin cikakkiyar madatsa ya ji sanyi.

Ɗanka mai biyayya,
Mai Kula da Madatsa na Yanzu

*

Malam Alƙalami,

Gaisuwa da fatan hannu bai kumbura ba. Ni ce 'yar kawunka, ni na karanta wa Baba takardarka, tunda har yanzu idonsa a ɗaure yake. Da farko muna ta dariya, har mai jinyar gadon kusa ta ce wane gwamna ne ya rubuto. Da na kai kan "launinsa ja" sai Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ajiye kofin da ke hannunsa, bai ƙara sha ba.

Ga saƙonsa yadda ya faɗa: "Gaya wa sakaran nan kwalbar ba wasa ba ce. In ruwan ya fito garau, ruwa ne kawai ke wucewa. In ya fito ja, cikin madatsar yake kwasowa. Ya ɗiba, ya ajiye ya kwanta, ya duba gindin kwalbar. Buhunan kuma ya kwashe su yau, ba gobe ba."

Ka ji dai, ranka ya daɗe. A gaida Gwaggo.

*

Zuwa ga Kawuna mai daraja,

Bayan gaisuwa, na karɓi amsarka ta hannun direba, kuma na yafe kalmar da aka kira ni da ita, domin na san zafin ciwo ne.

Don girmama ka na ɗebi ruwan. Da ya kwanta, laka ta taru a gindin kwalbar kamar kaurin yatsa. Batun buhuna kuwa, na gabatar da shi cikin hikima a taron mutanen unguwa. Wani mai lambu ya miƙe ya ce, "Kai da bakinka ka ce mu dasa, mun dasa. Ko karatun ne ya ƙare?" Aka kwashe da dariya. Kawu, mutum mai matsayi ba ya warware maganarsa a wuri irin wannan.

Amma na samo mafita ta ilimi. Na kwaɓa yumɓu na toshe ramin da ruwan ke fitowa, na daddaɓe shi da turmi. Tsattsafi ya tsaya cak, na rubuta hakan a littafi. Sai dai da hantsi wani ya ɓullo taku goma daga wurin, ya ɗan fi na farko. A saman ruwan kuma, daf da bango, na ga ganyaye suna juyawa wuri guda, alhali babu iska. Ina neman bayanin wannan domin cikar rubutu.

Ɗanka mai biyayya

*

Yaya,

Yau babu wasa. Baba ya nemi ya kwance ɗaurin idonsa ya taho, sai da aka rirriƙe shi. Ya ce inda ganye ke juyawa, nan ruwa ke shiga. Ya ce ka bar littafi, ka fitar da mutanen gidajen ƙasa zuwa kan tudu, ka fara da Gwaggo. In za su zage ka, su zage ka.

*

Kawu,

Gaisuwa. Na kwashe buhunan ni kaɗai. Na bi gida goma sha ɗaya na ce laifina ne, su fito. Sun fito, muna makarantar kan tudu. Sun zage ni kamar yadda ka ce.

Yau kwana uku madatsar ba ta fashe ba, kuma wannan ne abin tsoron. Mutane sun ce ƙarya na yi. Mai lambun nan ya koma gidansa jiya. Inna ta ɗaure kayanta, ta ce ba za ta mutu a kan bencin yara ba tana da gadonta. Ruwan da ke fitowa yanzu ya kai kaurin cinyata, kuma hadari yana haɗuwa.

Na rubuta gargaɗi a allo da manyan baƙaƙe na kafa a kan hanyar gangarawa. Sai da na gama na tuna cewa a gidajen nan duka, ni kaɗai zan iya karanta shi.

Don haka zan je in zauna a tsakiyar hanyar da kaina. Inna ce ta farko da za ta iso. Kawu, ban taɓa hana ta wucewa ba.

Ku sa mu a addu'a.

Ɗanka