Kififiyar Teku a Tsakar Gidana

Gwaggo Tani, ki taimake ni, na sayo abin da ya fi ƙarfina.

Ni ɗan kasuwa ne a Titirou, nan Parakou. Busasshen kifi nake ɗaukowa daga Kwatano a jirgin ƙasa, tun kafin Faransa ta sauke tutarta, kuma ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba. To, makon jiya a bakin tekun Kwatano na ga masunta sun kife wata kififiyar teku, girmanta ya kai faifan niƙa uku, sun kama ta ta fito yin ƙwai. Na tuna Labaran mai magani a Djougou ya daɗe yana neman ƙoƙon bayanta da kitsenta. Na saye ta da rai, don nama ba ya jure tafiyar yini guda.

Gwaggo, tun da na sauke ta take hawaye. Hawaye sosai, masu kauri, tana ajiyar zuciya irin ta tsohuwar da aka yi wa rasuwa. Na cika mata daro da ruwan rijiyarmu mai daɗi, na ba ta latas, ta ƙi. Duk inda na juya ta, sai ta ja jiki ta fuskanci kudu. Na gwada sau bakwai, har da rufe mata ido. Kudu dai. Wa ya gaya mata inda teku yake?

Abdulbaƙi mahauci, wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai, ya zo da wuƙa, ya ga wani ƙarfe maƙale a hannunta da lamba da rubutun boko, ya ce wannan tana da mai ita, ya fita bai yi sallama ba. Matata Ummuhani tana da ciki wata bakwai. Ta kwashe kayanta ta koma gidansu a unguwar Ganou, ta ce ba za ta haihu a gidan da uwa ke kuka ba. Na yi lakol, na san boko, ba na tsoron tatsuniya, amma yanzu ta ƙofar baya nake shiga ɗakina. In kai ta Djougou ne, ko yaya?

Mai Kifi, Titirou

Ɗana Mai Kifi,

Kwantar da hankalinka. Na tambayi wani masanin halittun teku. Hawayen gishiri ne da jikinta ke fitarwa, haka Allah ya yi ta. Ƙarfen kuwa masu bincike ne suka sa, don su ƙidaya uwayen da ke dawowa, saboda suna raguwa. Amma yadda take sanin hanyar gaɓar da za ta koma, shi ma ya ce bai sani ba. Ni ma ban sani ba.

Ba ka yi sata ba, sana'a ka yi, kuma asarar za ta yi zafi. Sai dai ita kullum mutuwa take yi a hannunka, da ƙwai a cikinta, kuma in aka yanka kififiyar, Ummuhani ba za ta manta ba.

Fitar da ita daga ruwan rijiya. Rufe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, kada ka kife ta. Gobe ka bi jirgin farko da ita zuwa Kwatano, ka nemi ma'aikatan kula da kamun kifi su rubuta lambar, ka tsaya har ka ga ta shiga ruwa da idonka. In ka dawo, daga tasha ka zarce Ganou da goro, ka gaishe da surukanka kafin ka buɗe baki a kan zancen biko.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauki Ummuhani lafiya.

Gwaggo Tani