Ɗakin da Filimone Ba Ya Shiga

Litinin, 8 ga Janairu

Ruwa ya sake zuba. Wuri ɗaya dai, inda rufin sabon ɗakina ya jingina da bangon tsohon gida. Ba ma ɗiga yake ba, bin bango yake shiru kamar gumi, sai na taka ƙasa in ji sanyi. Na aika a kira Filimone. Ƙanena ne, shi ya gina ɗakin bara. Kafinta wai! Duk tsibirinmu na Vava'u ana yabon aikinsa, gidan yayarsa kaɗai ke yoyo.

Saura kwana ashirin da shida auren 'yata Ilaisaane. Ngatun Mama, zanen gargajiya na ɓawon itace, na ƙarƙashin katifata, inda kowa ke ajiye nasa. Shekara biyu ta yi tana dukan ɓawon itace har ya zama wannan shimfiɗa, ta zane shi da hannunta, ta ce a kansa jikarta za ta taka ranar aure. Allah ya jiƙanta. Ngatu kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ya zo da tsani da gwangwanin kwalta. Ya tsaya can tsakar gida, ido a ƙasa. Haka aka rene mu, namiji ba ya shiga inda 'yar'uwarsa ke kwana, ko leƙe ba ya yi. Tun yana ɗan shekara goma aka mayar da shi bukkar maza, rabona da zama kusa da shi ke nan.

"Yaya, ta ina yake zubowa?"

"Ta sama, Filimone. Ka taɓa ganin ruwan da ya zubo ta ƙasa?"

Ya hau, ya bi kan kowace ƙusa da kwalta, ya sauko ya ce an gama.

Asabar, 13 ga Janairu

Ba a gama ba.

Lahadi, 14 ga Janairu

Muna coci aka tsuge da ruwa. Ko kalma ɗaya ta wa'azin ban ji ba. Na dawo na tarar gefen katifa sharkaf, ngatu ya sha ruwa a kusurwa, tabo kamar faɗin faranti, zanen Mama ya narke ya zama ruwan ƙasa. Na zauna na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa. Ga shi Lahadi, ba mai ɗaga guduma a ƙasar nan.

Ni da Ilaisaane muka kinkime shi zuwa falo, muka ɗora kan teburin cin abinci. Amma ranar 28 ga wata dangi goma sha huɗu za su sauka daga birnin Auckland da 'ya'yansu marasa jin magana, duk a falon za su kwana. Dole ngatu ya koma ɗakina, dole kuma ɗakin ya bushe.

Laraba, 17 ga Janairu

Kwalta kuma! Ilaisaane ta ɗaga kai ta ce, "Kawu, in ta rage ka shafa wa hanyar kasuwa, ta fi rufinmu bukata." Ya yi dariya, ita ai a al'adarmu tana da wannan damar a kan kawunta. Ya ce kwanon da ya lanƙwasa a mahaɗar rufi da bango na nan daram, ƙusoshi ne matsalar.

Ni ban yi dariya ba. A gaban matarsa na ce da Baba na da rai, ko kejin kaza ba zai ba shi ya gina ba. Bai tanka ba. Namiji ba ya mayar wa 'yar'uwarsa magana. Shirun nan ya fi komai ƙona mini rai, da ma ya zage ni in san da mutum nake faɗa.

Asabar, 20 ga Janairu

Ilaisaane ta ɗauki hoton bangon a waya ta kai wa kawunta. Wai jiƙaƙƙen bango kawai yake gani, sai ya taɓa da hannu ya ga inda ruwan ya faro. To ya taɓa mana! Da wane hannun?

Ta ce a kira wani kafinta daga garin Neiafu. Na ce a'a. Kafin la'asar duk ƙauye zai ji yayar Filimone ta ɗauko bare ya gyara aikinsa. Haushinsa nake ji, ba tozarta shi nake so ba.

Ngatu ya fara warin danshi.

Talata, 23 ga Janairu

Da safe na ga hadari ya taso ta gabas, raina ya ɓaci, na kama ƙafar gado na fara ja. Ilaisaane ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce ta kama ɗayan gefen ta bar surutu. Gado, katifa, akwatin kaya, duk muka jibge a kicin kusa da buhun rogo. Na ce ta je ta gaya wa kawunta ba ni da ɗakin kwana a can, sito ne.

Ya zo. Ya cire takalmi, ya daɗe a bakin ƙofa kamar wanda za a yi wa allura. Na ce, "Sito ne, na ce maka. Shiga."

Ya bi tabon da yatsa har sama, ya taka kujera, ya ɗaga silin. Can ya ce, "Yaya, ba ƙusa ba ce." Ashe kwanon da ya lanƙwasa, manna shi kawai ya yi a fuskar bango da kwalta. Rana ta busar da ita ta tsage, ruwan da ke gangarowa daga tsohon bango sai ya bi ta bayan kwanon ya shigo. Mako biyu yana shafe ƙusoshin da ba su yi laifin komai ba. Ya ce, "Aikina ne ya ɓaci." Na so in ce ai na faɗa. Ban ce ba.

Alhamis, 25 ga Janairu

Ƙura ko'ina. Ya tsaga layi a jikin bulo da inji, ya cusa bakin sabon kwano a ciki, ya toshe da siminti, ƙasan kwanon kuma ya sauko ya rufe kan rufin da kusan taƙi guda. Ya ce yanzu ruwa ba shi da hanya sai waje. Za mu gani.

Asabar, 27 ga Janairu

Ruwa tun hantsi. Mu biyu muka zauna cikin siton, shi kan bokiti, ni kan kujera, mun zuba wa bango ido. Ƙayau. Na kawo shayi da dafaffiyar gwaza.

Muka shigo da ngatu. Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya ce shi ya riƙa saro wa Mama itacen, shi ya ɓare ɓawon, duk shekara biyun. Ban taɓa sani ba. Ina zan sani? Ya ce Mama takan yi waƙa in tana zane. Ya rera kaɗan, murya kamar ta akuya. Na fita wai duba tukunya.

Litinin, 5 ga Fabrairu

An yi aure. Ilaisaane ta taka ngatun kakarta. Na naɗe kusurwar mai tabo ta ƙasa, ba wanda ya lura sai ni da shi.

Baƙi sun tafi jiya. Filimone ya biyo yau, wai duba siminti. Siminti lafiyarsa lau, ya sani, na sani. Mun sha shayi a sito har azahar.

Ilaisaane ta ce mijinta zai zo ya mayar mini da gado ɗaki. Na ce a bari tukuna. Kicin ɗin ya fi iska, kuma gadon nauyi gare shi.