Canjin Hannu Ya Gabato, Hannuna Ya Ƙi Barin Hagu

Malam Gudaji, don Allah ka taimake ni kafin ranar biyu ga Afrilu, domin tun da aka ce motoci za su bar hagu su koma dama, tuwo ya daina wuce mini.

Ni direban lori ne a Gumel. Shekara ashirin da uku ina ɗaukar 'yan kasuwa da hatsi zuwa Maigatari duk Alhamis, sauran ranaku kuma Gagarawa. Ko kaza ban taɓa takewa ba. Ba na tayar da mota sai na zagaya ta sau uku. Sau ɗaya na goge madubi a jikin bishiya, kwana biyu ban shiga tasha ba don kunya. Mata masu goyo sukan ƙi hawa wata motar su jira tawa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin hakan.

Makon jiya na ce bari in gwada a ɓoye. Bayan sallar asuba na ɗauki motar ba kaya, na bi burjin Sule Tankarkar ina tafiya a dama. Komai lafiya, sai ga wani dattijo a kan keke ya ɓullo, yana tafe a nasa hannun yadda aka saba, muka yi gaba da gaba. Ya ga na tare masa hanya ya kauce, ni kuma hannuna ya fizgi sitiyari ya koma hagu, daidai inda ya kauce. Wallahi ban umarce shi ba, hannun ne ya yi gaban kansa. Dattijon ya faɗa cikin gona, gwiwarsa ta kurje, ya tashi yana salati. Na sauko na ba shi haƙuri.

Malam, tsoro nake ji. Idan ranar nan mutum talatin na bayana fa? Akwai wani Dogo, direba daga Damagaram, can dama suke bi tun fil azal. Ya ce in zo ya zauna kusa da ni in saba. Amma shekara nawa ina yi masa dariya a tasha cewa tuƙinsa na ganganci ne, yau kuma in zama ɗan koyonsa a idon jama'a? Na yanke shawarar mayar wa Alhaji Gwadabe, mai motar, makullinsa in ce idona ya yi rauni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai mutum tara ke ci daga tuƙin nan, ban kuma iya wata sana'a ba.

Direba mai fargaba, Gumel.

AMSA

Ɗan'uwana, tsoronka yana kan hanya. Wanda ya ɗauko rayukan mutane a mota ya kamata gabansa ya faɗi. Amma tsoro biyu ka ƙulle a tsumma ɗaya: tsoron kashe rai, da tsoron a gan ka kana koyo. Na farkon ka riƙe shi. Na biyun kuwa girman kai ne ya sa rigar tsoro, kuma shi ya kusa halaka dattijon nan. Don kada a gan ka ne ka je ka bi dama kai kaɗai a hanyar da kowa ke bin hagu. Ko ranar farko da ka hau mota ba ka yi gangancin da ya kai wannan ba.

Batun ido ka bar shi. Ƙarya ce, kuma kada ka jawo wa kanka ciwon da Allah bai ɗora maka ba. Ka je ka gaya wa Alhaji gaskiya, ka nemi mako biyu. Ka sayi goro ka kai wa Dogo, ka bar shi ya rama dariyarsa, ba za ta fi kwana uku ba. Ku tsallaka iyaka ta Maigatari da takardunka, inda kowa ke bin dama, ka yi tuƙi yana gefenka. Za ka yi kuskure, zai daka maka tsawa, ka ce na gode. Hannun da ya yi shekara ashirin da uku yana koyon hagu ba zai manta a safiya ɗaya ba.

Ka ɗaura jan ƙyalle a hannunka na dama don ya riƙa tuna maka. Wata na farko ka rage gudu, kada ka wuce kowace mota, tunda sitiyarinka zai koma bakin hanya, ba za ka hango mai zuwa ba. Ka kuma nemi dattijon ka duba gwiwarsa.

Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba, kai ma ka haƙura da tararka. Ranar biyu ga wata duk direban ƙasar nan ɗan koyo ne. Wanda nake jin tsoro shi ne mai bugun ƙirji yana cewa shi ba ya buƙatar koyo. Idan tafiya ta kawo ni Gumel da iyalina, motarka za mu hau.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka sauke kowa lafiya.

Malam Gudaji