Garayar da Asibiti Ya Saka Mini a Kunne

Zuwa ga Shugaban Sashen Kunne, Hanci da Maƙogwaro,
na asibitin da nake zuwa a nan Abuja.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ban ambaci sunan asibitin ba domin ba tozarci na zo yi ba, kuma na san in takardar nan ta iso hannunku za ku gane kanku. Na rubuto ta a fili ne saboda na nemi ganinka a ofis ban dace ba, kullum sai a ce kana wajen taro.

Sunana Sa'idu, direba ne ni a wani gida a Maitama. A layinmu akwai ɗan masallaci na kwano a jikin katanga, wanda direbobi da masu gadi da masu ban-ruwan fulawa suka haɗa da hannunsu. Shekara da shekaru ni nake jan su salla a wurin. Yanzu ba ni ba ne, kuma dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Kafin in zo Maitama na daɗe a tashar Jabi, ina kiran fasinja a ƙarƙashin lasifika da hon ɗin motoci. A can na kwaso ciwon. Wani kuka ne a kunnena na hagu kamar na gyare, ba ya hutu, ba ya zuwa ganin gida. Da fari mutane suka ce ai wani ne yake ambatona. Na ce in haka ne, to mai ambaton nan ba shi da wata sana'a a duniya sai ni. Na yi ta haƙuri da shi har ranar da na tsaya a sallar magariba, a tsakiyar surar da na haddace tun ina yaro, kukan ya rufe mini muryata na rasa inda nake, sai da aka yi mini gyara daga baya. Da abin ya maimaita kansa na kama hanyar asibitinku. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, tambayar da aka yi mini da kuma gaban wanda aka yi ta. Tun da Turancina na kan titi ne, na tafi da Kawu Bala, ƙanin mahaifiyar matata, wanda yake aiki a wata ma'aikata, don ya yi mini tafinta. An gwada kunnen, an sa mini wani abu a kai ana ta sako ƙararraki har na nuna wadda ta yi kama da gyarena. Likita ya yi bayani mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce ba alkawarin warkewa yake yi ba, amma akwai hanyar da take rage wa wasu: a ɗauki kiɗan da mutum yake so, a cire masa daidai wannan ƙarar da ke damunsa, ya riƙa saurare a hankali kowace rana. Sai ya ce a tambaye ni wane kiɗa na fi so.

Ranka ya daɗe, surukina ne ya juyo ya yi mini tambayar da bakinsa. Mutumin da ko abinci ba na ci a gabansa, shi zan dubi idonsa in ce masa ga kiɗan da ke motsa ni? Na sunkuyar da kai na ce ba na jin kiɗa. Ba ƙarya na yi ba, na daɗe da barinsa. Amma da an fitar da Kawu waje na ɗan lokaci, da na faɗa wa likita cewa a ƙuruciya akwai wani sassanyan kiɗan gurmi da nake so, kuma da magana ta ƙare a nan. Ku da kuke ganin Hausawa kullum a layin asibiti, ban san yadda wannan ya wuce ku ba.

Na biyu, wanda ya zaɓa mini. Da na ce ba ni da zaɓi, sai aka tura ni wajen ma'aikacin da ke haɗa sautin a kwamfuta. Mutumin kirki ne, don Allah kada a taɓa shi a kan maganata. Ba Bahaushe ba ne, Hausarsa irin ta kasuwar Utako ce, kuma so ya yi ya kyauta mini. Ya bincika ya samo abin da aka rubuta wa kiɗan gargajiya na Hausa, ya gyara, ya zuba mini a waya, ya miƙo mini yana murmushi ya ce, "Oga, wannan na gida ce, za ka so shi." Na yi godiya na tafi. Sai da na isa gida na sa iyafis a kunne, na ji abin da ya sa na cire shi da sauri kamar na taɓa garwashi. Garaya ce da caki, irin wadda 'yan bori suke kiran iskoki da ita.

Ka duba lamarin da idon mutanenmu. Mutum yana jin ƙarar da babu mai ji sai shi. Ya je asibiti, asibiti ya ba shi garaya. Me ya rage a faɗa?

Na uku, kuma a nan kaina ya fi ɗaurewa: abin ya yi aiki. Na ajiye wayar kwanaki ban taɓa ba, har wata rana kukan ya matsa mini a cikin cunkoson mota, na ce bari in gwada ko sau ɗaya. Daga nan na ci gaba, ina yi ina istigfari. Bayan 'yan makonni gyaren bai mutu ba, amma ya koma can ƙuryar ɗaki. Na dawo ina jin karatuna a salla, ba a sake yi mini gyara ba. Na yi murna, na kuma ji tsoron murnar. Shin cirewar da kuka yi wa sautin ce ta yi aiki, ko kuwa garayar ce? In cirewar ce, to kowane sauti zai yi. In garayar ce, to ni kaina ban san me ke kunnena ba.

Na dawo asibiti da wannan tambaya har sau da dama, kuma kowane zuwa sabuwar fuska nake tararwa. Likita na farko ya ce tunda yana yi kada in canja komai. Wata likita ta ce in rabu da iyafis gaba ɗaya, wai shi ma yana lalata kunne. Na gaba ya ce kowane kiɗa ma ɗaya ne, in kunna rediyo kawai. Na tambaya ko za a iya yi da karatun Alƙur'ani, aka ce mini me zai hana, za a cire masa ƙarar kamar yadda aka yi wa wancan. A nan na tsaya. A cire wani abu daga karatu? Harafi ne zai tafi ko kuwa me? Wanda na tambaya ya duba agogo ya ce a kira na gaba. Shi kuma mai kwamfutar an ce an mayar da shi wani sashe, kuma ba a san wanda ya gaje shi ba. Malamai biyu na tambaya a waje, ɗaya ya ce lalura ce babu laifi, ɗaya ya ce ko da wasa. Na shiga da tambaya ɗaya na fito da buhu.

Na huɗu, abin da ya faru a masallaci. Duk lokacin da nake zaune a benci ina jiran oga da iyafis a kunne, mutanen layinmu sun ɗauka karatu nake saurare. Liman ne, me kuma zai saurara? Ni kuwa ban gyara musu zato ba. Ran nan bayan azahar sai Baba Iliya, tsohon mai gadin gidan da ke kallon namu, wanda shi ne babba a cikinmu kuma shi ke tayar da iƙama, ya zauna kusa da ni ya miƙo hannu ya zare ɗaya daga kunnena, wai shi ma a sam masa lada. Ba a fizge abu daga hannun dattijo. Na zauna ina kallonsa ya saka a kunnensa. Ya ɗan jima yana ji, sannan ya cire, ya goge shi da bakin rigarsa, ya ajiye mini a tafin hannu, ya tashi ya koma bakin get ɗinsa. Baba ya girma a ƙauyen da ake wannan kiɗa, ba ya buƙatar a gaya masa ko mene ne.

Da la'asar ya tayar da iƙama kamar kullum. Na ɗaga ƙafa zan wuce gaba, sai na ga ya dafa kafaɗar Nuhu mai ban-ruwan fulawa, ya tura shi a hankali. Babu wanda ya dube ni. Na koma sahu na yi salla a bayan Nuhu, kuma har yau a nan nake.

Ba su wulaƙanta ni ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Gaisuwa ta ƙaru, ana yi mini sannu kamar wanda ya tashi daga jinya. Baba Iliya ya kawo mini turaren hayaƙi a ƙulle a leda, ya ce in riƙa yi da safe. Na yi masa bayanin kwamfuta da cire ƙara iyakar fahimtata, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ruwa ba ya tsami banza, likitan da ya zaɓi garaya ya san abin da ya gani. Na ce ba likita ba ne ya zaɓa. Ya ce to wa ya sa hannun mutumin ya faɗa kanta, duk kiɗan da ke duniya? Wallahi ni ma na taɓa yi wa kaina wannan tambaya.

Na daina saurare don in wanke kaina, cikin kwanaki kaɗan gyaren ya dawo tsakar gida da ƙarfinsa. Yanzu in na bar garaya ba zan iya jan salla ba don ba na jin karatuna, in na riƙe ta ba za a bi ni salla ba. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Don haka ina roƙon abubuwa kaɗan. A haɗa ni da likita ɗaya tak wanda zai gaya mini magana ɗaya: in ci gaba ko in daina, kuma iyafis magani ne ko cuta. A gaya mini ko za a iya yin wannan gyara a kan sautin ruwan sama, ko waƙen yabo marar kiɗa, ko gurmin da kunya ta hana ni faɗa, kuma a bayyana mini da Hausa abin da ake cirewa daga sauti. Daga yau kuma, in za a tambayi mutum kiɗan da yake so, a fitar da ɗan rakiyarsa tukuna, kuma kada a zuba wa kowa abu a waya sai an kunna masa ya ji a gabanku.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi girma a wurina. Baba Iliya ba ya karatun boko, takarda mai hatimi ba za ta yi masa komai ba. Amma ya ce in likita ya gaya masa da bakinsa cewa ciwon kunne ne kawai, zai ji. Kullum yana bakin get. Kiran waya ɗaya daga wanda ya iya Hausa a cikinku ya isa.

Dardumar da ke gaban sahu tawa ce, daga gida na kawo ta tun ranar da aka kafa kwanon masallacin. Nuhu yake tsayawa a kanta yanzu. Matata ta ce in ɗauko abata, na ce a bar ta tukuna, ina jiran amsarku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannuwanku, ya kare kunnuwanku daga abin da nake ji. Ya ba mu ikon gane abin da ya shige mana duhu.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Sa'idu direba, Maitama, Abuja.