Naka na Ƙarƙashi, Nawa na Sama

Zuwa ga ƙanena Arlen,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Dorene da yara. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mai gidana Lyle ce dai ta ƙi jin magani, shi kuma ya ƙi jin maganar likita. Mun gama tara ciyawa kafin ƙanƙara, shanu sun yi ƙiba.

Garinmu Watford da ka bari ba za ka gane ta ba, tun da aka fara haƙar mai. Motocin dakon ruwa da yashi sun cinye hanya, iskar gas na ci da wuta a bayan kowane tudu. Ban ce ba a amfana ba. An gina sabuwar makaranta, samarin da suka watse neman aiki sun dawo gida.

Ka tuna ranar da Baba ya raba mana gona, ya ba ni saman ƙasa, ya ba ka haƙƙin abin da ke ƙarƙashin ƙasa? Ka ce an ba ni shanu, kai an ba ka duwatsu, muka yi ta dariya. To, duwatsun naka ne yanzu ake fasawa da ruwa ana tatso mai. Ranar Talata na tarar an kafa turaku masu jan ƙyalle taku hamsin daga marmaron da shanu ke sha, alamar inda za a haƙa rijiyar mai. Na tare mutumin kamfanin man, na ba shi kofi, na tambaye shi da izinin wa. Sai da ya shanye kofina tas, sannan ya ce, "Uwargida, ai ba da ke muke magana ba, da mai ƙarƙashi muke." Wai doka ta ba mai ƙarƙashi hanya ta gonar mai sama, kuma takardarsu na nan tafe gare ka.

Bara bututun ruwan gishirin da rijiyoyin mai ke fitarwa ya fashe a gonar maƙwabtanmu, su Halvorson. An biya su, amma har yau ko ƙaya ba ta tsiro a wurin ba, sun sayar da garkensu. Marmaron nan shi kaɗai gare ni. Idan ya yi gishiri, ni da kiwo mun rabu.

Ban ce kada ka sa hannu ba, na san 'yarka Signe za ta shiga jami'a, kuna bukatar kuɗin. Roƙona ɗaya ne: kada ka sa sai sun rubuta cewa za su matsar da rijiyar zuwa gabas, bayan tudu. Ni ba za su saurare ni ba, amma kai za su saurara. Gaskiya tsoro nake ji, kuma ina jin nauyin roƙonka. Shekara talatin ina shayar da shanu a wurin ina cewa nawa ne, ashe aro ka ba ni, kai ma ba ka sani ba.

Ka gaida Dorene da Signe da auta Nels. Lyle na gaishe ka. Ya so ya tumɓuke turakun, na hana shi. Suna nan yadda aka kafa su, sai abin da ka ce.

Yayarka,
Verna