Na Ce wa Baban Budurwarsa Gumaka Yake Ajiyewa

Assalamu alaikum Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara tsine min ku bari in kai ƙarshe, don na san tsinuwar tana tafe.

Ni ɗalibi ne a Birmingham, flat ɗaya muke da wani abokina a Edgbaston, bari in kira shi Mukhtar. Mutumin nan yana sayen ƙananan mutum-mutumin sojojin Jamus na yaƙin duniya na biyu, waɗanda ake yi da resin, wata roba mai tauri, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. A warwatse suke zuwa, kai daban hannu daban, ya zauna ya manna su da gam, ya ɗauki burushi siriri kamar tsinken sakace yana fenta musu maɓallin riga da taɓon takalmi. Ƙato da gemunsa! Amma na san dalili, kuma nan ne abin kunyar. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu a Kano bai samu zuwa jana'iza ba, ya daina cin abinci, ya daina fita, har GP, wato likitansa, ya ce ya nemi abin da zai riƙa yi da hannunsa. A shagon gwanjo ya tsinci kwalin farko, da sojojin wata ƙasar ya tarar ma, su zai ɗauka. Ni ma na raka shi ranar.

Sai ya samu yarinya a Manchester, 'yar wani likita ɗan garinmu da ke Whalley Range. Ni na fara ganinta a wata walima, na gaishe ta, ta amsa tana kallon wayarta, amma wannan shiru-shirun mai warin fenti shi ta zaɓa. Me yake da shi da ba ni da shi? Magana ta kai ga manya, aka zo bincike, kun san kuma ba mai neman auren ake tambaya ba, wanda suke kwana gida ɗaya ake tambaya. Mukhtar da kansa ya ba Dakta lambata, wai babu wanda ya san shi kamar ni.

Dakta ya kira ni. "Ɗana, amana zan ba ka. Yaya addininsa?"

Na yi shiru da gangan, don shirun ya fara yi min aiki. Sannan na ce, "Baba, salla kam yana yi. Sai dai ban so in faɗa ba, gumaka ne cike da ɗakinsa, a gabansu yake sallar. Kuma sojojin 'yan Nazi ne."

"Innalillahi! A ƙasar nan? Ya san abin da wannan zai jawo wa family ɗina?"

Na tura masa hoto, na zaɓi wanda sallaya ta fito a ƙarƙashin kantar da ya jera su. Ban ambaci mahaifiyarsa ba, ban ambaci GP ba. Ai ban yi ƙarya ba, ko? Haka nake gaya wa kaina. Amma wallahi da na ajiye wayar daɗi na ji, har shayi na dafa mana.

Dakta ya dakatar da maganar auren, ya faɗi dalili, amma ya riƙe amana bai faɗi wanda ya gaya masa ba. Mukhtar ya tambayi wani malami, aka ce masa in an cire kai to ba gunki ba ne kuma. Na dawo daga jami'a na same shi a teburin kicin da 'yar wuƙarsa ta aiki, yana yanke musu kawuna ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kofin shayi. Fuskokin da ya ɓata makonni yana sa musu ido da gira. Hawaye na sauka a gemunsa. Kun san abin da na ce masa? "Ga wani can bayan buta, ka manta shi." Ya ce na gode, ya miƙa hannu ya ɗauko.

Ya sake daina cin abinci, irin na wancan lokacin. Jiya ya shigo ɗakina yana murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce, "Na yi mana booking ɗin train zuwa Manchester ranar Asabar. Babanta ya yarda da kai. Please, ka gaya masa yadda na fara, kai kaɗai ka san labarin Umma."

Abin da bai sani ba, Dakta ya sake kirana shekaranjiya, yana yaba tsoron Allahna, har ya tambaye ni ko akwai wadda nake nema. Na ce babu, Baba. Da sauri na faɗa.

In na faɗi gaskiya a falon Dakta, zai ce me ya hana ni faɗa tun farko, a gaban Mukhtar, su biyun su san ko ni wane ne. In na yi shiru, yaron nan zai ƙarasa lalacewa a ɗakin da ke jikin nawa, ina jin tarinsa ta bango. Kuma ba zan yaudare ku ba, har yanzu ina son yarinyar.

Kofin kawunan yana nan a kicin, ya kasa zubarwa, ni kuma a gaban kofin nake karyawa. Asabar jibi ce. Jama'a, me zan yi?